Ƙullin tsoka: yadda za ka gano shi, da yadda za ka warware shi

Akwai ciwon da ake zuwa asibiti a kansa, a ɗauki hoton ƙashi a ga lafiya lau, a auna jini ba a ga komai ba, amma mai shi bai huta ba. Wani ciwon kai ne na ɓari ɗaya da ke tasowa daga ƙeya kullum da yamma. Wani kafaɗa ce ke hana shi kwanciya a gefe guda. Wani kuma ciwo ne ke bin ƙafarsa daga kwankwaso har idon sawu. A gida sai a ce sanyi ne, wasu su ce jijiya ce ta hau jijiya. Sau da yawa tushen abin wani ɗan wuri ne a cikin tsoka da ya ɗaure ya ƙi saki, kuma abin da ke ɓatar da mutane shi ne ba lallai ne ƙullin ya kasance a inda ake jin ciwon ba. Sai mutum ya shekara yana shafa man zafi a goshi, alhali matsalar tana kan kafaɗarsa.

Tun 1938 wani likita a Landan, Jonas Kellgren, ya riƙa tsira ruwan gishiri mai ƙarfi a tsokoki daban-daban, ya ga ciwon yana fitowa a wani wuri mai nisa da inda aka yi allurar, kuma kowace tsoka da inda take aika nata. Likitar da ta ɗauki wannan ta mai da shi aikin rayuwarta ita ce Janet Travell ta Amurka, wadda ta fara rubutu a kai a 1942. Ita ce ta yi wa John F. Kennedy maganin ciwon bayansa tun yana sanata, kuma da ya zama shugaban ƙasa a 1961 ya naɗa ta likitarsa, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami. Ita da abokin aikinta, likita David Simons, suka fitar da taswirar waɗannan ƙulle-ƙulle a manyan littattafai biyu, a 1983 da 1992, kuma da taswirar tasu ake aiki har yau.

Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wannan. Tsoka tarin zaruruwa ce, jijiya ke ba su umarnin tsukewa. Sakin da suke yi bayan sun tsuke shi ma yana buƙatar kuzari. Idan aka wahalar da tsoka, wasu 'yan zaruruwa sukan tsuke su tsaya a haka, su matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ratsa su. Jini ya ragu, iskar oksijin ta ragu, kuzarin da za su saki da shi ya ƙare, sai su ci gaba da zama a ɗaure, wurin kuma ya tara sinadaran da ke tayar da jijiyoyin jin zafi. A 2005 Jay Shah da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka sun zuƙo ruwan irin wannan wuri a tsokar kafaɗa da siririyar allura, suka tarar ya fi na lafiyayyar tsoka tsami da yawan sinadaran kumburi. Duk da haka masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 2015 John Quintner da abokansa biyu sun soki bayanin gaba ɗaya, suna ganin a jijiya matsalar take, kuma an sha gwadawa a ga likitoci biyu sun laluba baya ɗaya ba su dace a kan wuri ɗaya ba. A ganina wannan saɓanin dalili ne na farawa da abin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya cutarwa, a kuma yi hattara da duk mai cewa yana da na'ura ko allurar da ke gama aikin a zama ɗaya.

Mataki na farko: ka tabbatar ba wani abu ne mafi girma ba

Kada ka tsallake wannan. Ƙullin tsoka ba ya kawo zazzaɓi, ba ya ramar da mutum, ba ya sa wuri ya kumbura ya yi ja. Idan akwai ɗaya daga cikin abubuwan nan, asibiti za ka nufa, ba tausa ba:

Ciwon ƙirji da ke zuwa da gumi, ko haki, ko yake gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi. Tsokar ƙirji tana iya kwaikwayon ciwon zuciya, amma likita ne zai raba su, ba kai ba.

Sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo.

Sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, musamman ga mai jego, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya daɗe a kwance ko ya yi doguwar tafiya a zaune. Yana iya zama gudan jini ne, kuma tausa tana iya ɓalle shi ya tafi huhu.

Tsoka ta yi tauri da zafi, ga zazzaɓi. A ƙasashe masu zafi irin namu ƙurji yakan taru can cikin tsokar cinya ko ɗuwawu, wani lokaci bayan allura. Mugunya ce a ciki, matsa ta ɓarna ne.

Ciwon baya tare da raunin ƙafa, ko rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Wannan na gaggawa ne, a ranar. Haka ciwon gadon baya da ke tare da rama da gumin dare, domin tibi yana kama ƙashin baya.

Mai sikila da ciwonsa ya tashi, da wanda ya faɗi ko ya yi haɗari, da wanda ya ga kullutun da ke ƙara girma, su ma ba wannan jagorar ce tasu ba. Mai shan maganin tsinka jini da mai ciki su tambayi likita tukuna.

Mataki na biyu: nemo ƙullin

Nan aikin yake. Ka zauna ko ka kwanta yadda tsokar za ta saki, ka yanke farce, ka shafa ɗan man kaɗanya ko na gyaɗa. Da kan yatsu biyu ko uku ka riƙa bin tsokar a gicciye, wato kana ratsa zaruruwanta. Abin da kake nema zare ne da ya miƙe tamau kamar tsirkiya a tsakanin nama mai laushi. Idan ka same shi, ka bi tsawonsa a hankali har ka iso wurin da ya fi ko'ina zafi. Yawanci bai wuce faɗin kan yatsa ba. Wani lokaci da ka ratsa shi za ka ji tsokar ta yi zillo a ƙarƙashin yatsanka.

Zafi kawai bai isa shaida ba, domin kowa idan aka danna masa kafaɗa da ƙarfi zai ji zafi. Shaidar ita ce ka danna, ka riƙe kamar sakan 10, ka ji ciwon nan naka da ka sani ya taso a inda ya saba tasowa. Ka danna kafaɗa, ka ji ciwon kan ya motsa a gefen goshi. Idan haka ta faru, ka iso. Za ka kuma ci karo da wasu wuraren masu zafi da ba sa damunka sai an taɓa su. Waɗannan masu barci ne, sukan rage wa tsoka miƙewa, kuma gajiya ko sanyi na iya tayar da su, amma ba su za ka fara bi ba.

To ina za ka nema? Ga wuraren da suka fi yawa.

Ciwon kai na ɓari ɗaya da ke hawa ta gefen wuya, ya zagaya bayan kunne, ya tsaya a gefen goshi ko bayan ido: nemi tudun naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Ka kama shi tsakanin babban yatsa da sauran yatsu ka murza a hankali. Wannan tsokar ce ta fi kowace yawan ƙulli. Teloli, masu kitso, masu aikin kwamfuta da duk mai ɗage kafaɗa idan ransa ya ɓaci sun san ta.

Wuyan da ya ƙi juyawa, har mutum ya juya da dukan jikinsa wajen sallame salla: nemi kusurwar sama ta allon kafaɗa, ta ɓangaren gadon baya, da kuma inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Barci a gaban fanka ko a mota da kai a karkace shi ke yawan tayar da wannan.

Ciwo can cikin gaban kafaɗa da ke gangarawa damtse, mace ta kasa zuge zif ɗin bayan riga, namiji ya kasa kai hannu aljihun baya: ƙullin yana bayan allon kafaɗa, a kan faffaɗan ƙashin, ƙasa da gindin ƙashin da ya gicciye shi. Mutane da yawa sukan yi ta gasa gaban kafaɗa ba su taɓa leƙa baya ba. Masu tuƙa babur da Adaidaita Sahu, da hannu a miƙe gaba yini guda, su ma suna iya fama da shi.

Ciwon haƙoran ƙasa na ciki, ko ciwon kunne, alhali likita ya duba bai ga komai ba: ka cije haƙora, naman da ya taso a kumatu kusa da kusurwar muƙamuƙi shi ne wurin. Masu cizon haƙora cikin barci da masu yini da cingam a baki su lura.

Ciwon kugu da ke tsananta wajen juyi a gado, ko tashi daga kujera, ko tari: nemi naman da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, a gefen gadon baya. Noma da fartanya, shara a duƙe, ɗaukar yaro a kwiɓi ɗaya, duk nan suke tarawa.

Ciwon da ke bin gefen cinya ko bayanta har ƙasa, wanda ake saurin cewa jijiyar baya ce ta danne: duba gefen ɗuwawu daga sama, ƙasa kaɗan da bakin ƙashin kwankwaso, da kuma tsakiyar ɗuwawun. Direban da ke zama a kan walat daga Kano zuwa Legas ya fara da ciro walat ɗin.

Ciwon dunduniya da ɗaurewar ƙafa cikin dare kuwa, sau da yawa a sharaɓa suke.

Akwai kuma doguwar tsokar da ta taso daga bayan kunne ta gangaro gaban wuya, wadda ƙullinta ke aika ciwo goshi da kewayen ido, har da jiri. Ita ban ba da shawarar ka danna da kanka ba, domin babbar jijiyar jinin da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana gefenta. Ka bar wa ƙwararre. Haka hammata, matsematsi, bayan gwiwa, da duk inda ka ji bugun jini a ƙarƙashin yatsa.

Mataki na uku: gashi

Tsoma tawul a ruwa mai ɗumi sosai, ka matse, ka ɗora minti 10 zuwa 15, kana sabuntawa idan ya huce. Ɗumi ake so, ba ƙuna ba. Kada ka shafa man zafi sannan ka ɗora gashi a kai, fata tana iya salewa. Mai ciwon suga wanda jin taɓinsa ya ragu ya sa wani ya gwada masa ruwan.

Mataki na huɗu: dannawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙarfi. An ɗauka sai an ji mutum yana ihu sannan tausa ta shiga, har a sa yaro ya hau bayan babba ya tattaka. Tsokar da aka ji wa zafi ƙara ɗaurewa take yi don kare kanta, washegari kuma a tashi da tsamin jiki a kan ciwon da ake da shi.

Ka ɗora yatsa a kan ƙullin ka nutsa a hankali har ka ji turjiya. Ka auna zafin a ranka daga 0 zuwa 10, ka tsaya a wajen 5 ko 6. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne numfashi: idan ka fara riƙe numfashi ko yamutsa fuska, ka wuce gona da iri, sassauta. Ka riƙe a nan kana numfashi a hankali sakan 30 zuwa 90. Yawanci za ka ji zafin yana raguwa ko wurin yana laushi ba tare da ka rage ƙarfi ba. Idan haka ta faru, ka ƙara nutsawa kaɗan har ka sake jin turjiya, ka sake jira. Sau biyu ko uku ya isa zama ɗaya. Wanda riƙewar ba ta yi masa ba, ya riƙa shafa wurin da ɗan nauyi, gajeren shafi ta fuska ɗaya, kamar sau 10 zuwa 12.

Yatsu suna gajiya, kuma akwai inda hannu ba ya kaiwa. Samo ƙwallon tanis ka jefa a doguwar safa, ka rataya ta bayan kafaɗa, ka jingina da bango, ƙwallon yana tsakaninka da bangon. Da gwiwoyinka za ka riƙa hawa da sauka har ƙwallon ya zauna a kan wurin. Idan babu ƙwallo, goruba da aka naɗe da tsumma mai kauri tana yi, sai dai ta fi tauri, a yi mata a hankali. Bango ya fi ƙasa ga mai farawa, domin kai ke iko da nauyin da kake sakar masa. Ɗuwawu ne kawai ya fi jin kwanciya a kan ƙwallon, shi ma a kan katifa za a fara. Ko ta yaya, a kan nama ake ɗorawa, ba a kan ƙashin gadon baya ba. Idan ka ji wani abu ya harba kamar wutar lantarki, ko yatsu sun fara mutuwa, jijiya ka hau, matsa gefe.

'Yan mintoci a kowane ƙulli, sau biyu ko uku a rana, ya fi rabin awa sau ɗaya a mako nesa ba kusa ba. Ɗan tsami washegari ba komai ba ne. Idan wurin ya yi shati ko ciwon ya ƙaru ya kwana biyu, ka huta kwana ɗaya, ka dawo da rabin ƙarfin.

Mataki na biyar: miƙar da tsokar

Da ka gama dannawa, tsokar tana da ɗumi, sai ka miƙar da ita a hankali har ka ji ja, ka riƙe sakan 20 zuwa 30, sau uku, ba fizga. Akwai dabarar da Karel Lewit, likitan jijiyoyi na birnin Farag a ƙasar Czech, ya yaɗa, kuma tana aiki ƙwarai. Ɗauki tudun kafaɗar dama misali. Zauna, ka riƙe gefen kujera da hannun dama, ka karkatar da kai hagu har ka ji ja. Ɗora hannun hagu a gefen kai. Yanzu ka tura kan zuwa dama, hannun yana hana shi motsi, da ɗan ƙarfi kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinka, sakan 10. Ja numfashi, ka saki, kana fitar da numfashin ka bar kan ya ƙara gangarawa hagu da kansa. Maimaita sau uku daga sabon wurin da ya tsaya.

Ga ɗuwawu, kwanta rigingine, ka ɗora idon sawun ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, ka jawo cinyar lafiyayyar zuwa ƙirji. Ga sharaɓa, dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, dunduniya a ƙasa, ka karkata gaba. Bayan nan ka motsa gaɓar iya motsinta sau da yawa, kada ka koma ka ƙame.

Mataki na shida: cire abin da ke dawo da shi

Wanda ya warware ƙulli da safe ya koma zaman da ya haifar da shi, zuwa magariba zai same shi yana jiransa. Ka bi yininka da ido. Tela ya duba tsayin kujerarsa da keken, idan sai ya ɗage kafaɗa yake ɗinki, kujerar ta yi ƙasa. Mai latsa waya ya ɗago ta zuwa fuska maimakon sunkuyar da kai, ya daina maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa. Mai kitso ta ɗaga mazaunin wadda ake yi wa, ko ita ta sauko. Mai goyo da mai ɗaukar jaka su riƙa sauya ɓangare. Duk mai aikin zama ya miƙe bayan kowane minti 30 zuwa 40, ko da taku goma ne. Matashin kai ya cike tsakanin kunne da kafaɗa idan an kwanta a gefe, kuma mai ciwon kugu ya sa wani tsakanin gwiwoyi. A lokacin hunturu a rufe wuya, a kuma kawar da fanka daga saitinsa.

Tsoka mai rauni ita ke saurin ɗaurewa, don haka idan ciwo ya lafa a fara ƙarfafa ta. Tafiya da sauri minti 30 a mafi yawan ranakun mako mafari ne mai kyau. Rashin barci da damuwa suna rage juriyar jiki ga ciwo, wannan ba camfi ba ne. Idan kuma ƙulle-ƙullen sun yi yawa, suna dawowa duk da ƙoƙari, a roƙi likita ya duba ƙarancin jini da sinadarin ayon, wato ƙarfen da jini ke buƙata, da bitamin B12 da D, da aikin tayirod, halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo. Ga mata masu haihuwa kusa-kusa ƙarancin jini ne abin fara dubawa.

Magunguna, ƙaho da allura

Farasitamol yana rage zafi, babba kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Ibufurofen da dikulofenak na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ciki. Mai hawan jini ya tambaya tukuna. Abin da na fi tsoro shi ne haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar ba suna. Sau da yawa akwai masu kashe zafi iri biyu a ciki da kuma sitiyarod, wani maganin kumburi mai ƙarfi, mai shan su kullum yana cinikin ciwon kafaɗa da ƙodarsa. Tiramadol kuwa ba ya warware ƙulli ko ɗaya, sai dai ya kama mutum.

Ƙaho da hijama, mutane da yawa suna jin sauƙi bayansu na ɗan lokaci, kuma jan da kofin ke yi wa fata da nama yana iya sassauta wuri. Idan za a yi tsaga, aska ko reza ta zama sabuwa fil, ta mutum ɗaya, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Mai ƙarancin jini da mai shan maganin tsinka jini su haƙura da tsaga. Sakiya da ƙarfe mai zafi ba ta da gurbi a nan ko kaɗan.

Idan ka yi mako biyu zuwa uku kana bin matakan nan babu canji, ko ciwon yana ƙaruwa, ka nemi sashen gashi, wato fisiyo. Akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da sauran manyan asibitoci. A Nijar a nemi masu kine. Ka je da bayanin inda ciwon yake tashi, inda yake zuwa, aikin da kake yi, da wuraren da ka danna ka ji ya motsa. Wannan yana rage musu lalube.

A can suna iya yin tausa ta hannu, su koya maka motsa jikin da ya dace da tsokarka, ko su kai ga allura. Iri biyu ce. Akwai wadda likita ke tsira ɗan maganin kashe zafi irin su lidoken a cikin ƙullin. Akwai kuma busasshiyar allura, siririya, babu magani a cikinta. Lewit ne ya nuna a 1979 cewa tsirar allurar kanta tana kawo sauƙi ko da ba a zuba komai ba. Sauƙin nata yawanci na gajeren lokaci ne, amfaninsa shi ne ya ba ka damar miƙewa da motsa jiki. Aikin wanda aka horar ne kawai, da sabuwar allura daga leda. A kafaɗa, gadon baya na sama da tsakanin haƙarƙari huhu yana kusa ƙwarai, a ɗuwawu kuma babbar jijiyar ƙafa tana ratsawa, allurar da ta same ta tana iya barin mutum yana jan ƙafa. Bayan allura wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, ɗumi da motsi a hankali suna rage shi. Idan kuwa aka yi ta a kafaɗa ko baya, sai haki, ko tari, ko sukar ƙirji suka biyo baya a ranar ko washegari, a koma asibiti nan take a gaya musu inda aka tsira allurar.